Askin Zaune

A titinmu, tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da fenti, akwai shagon aski mai kujera biyu, na wani wa da ƙanensa. Ta kusa da taga ta wan ce, ta ciki ta ƙanen. Shekara ashirin da shida wan ya yi yana tsaye a bayan kujerarsa, kuma ban san ranar da na wuce na ji shagon shiru ba. Shi ya sa muke ce masa Rediyo. Ko matarsa, in ya ba ta haushi, da sunan take kiransa.

Hannunsa na aski, bakinsa na wani aikin daban. Tun yana ɗaura maka ƙyalle a wuya zai fara ba ka labarin yadda alƙalin wasa ya cuci ƙungiyarsa jiya. Kafin ya kai ƙeya ya kori kocin ya naɗa wani. Kafin ya kakkaɓe maka kafaɗa ya gyara wutar lantarkin gari kaf, ya kuma faɗa maka maganin sanƙo, wanda shi kansa bai yi wa aiki ba. Almakashinsa kuwa ba ya hutawa ko babu gashi a bakinsa, sai ka ji shi a iska, cak-cak-cak, kamar ɗan amshi. Ƙanen, wanda muke kira Ƙarami duk da furfurar da ta fara masa, zai yi maka aski ya gama ba ka ji komai daga bakinsa ba sai "sunkuya" da "ɗago". Rediyo kan nuna shi da mataji ya ce, "Maganar gidanmu gaba ɗaya ni aka ba. Shi kunne aka ba shi."

Wata shekara zazzaɓi ya zaga unguwar, irin mai zuwa da mura da ciwon gaɓoɓi. Ya kwantar da mu ɗaya bayan ɗaya, ya tashe mu ɗaya bayan ɗaya. Rediyo ma ya tashi bayan sati biyu, ya koma shago. Amma zazzaɓin kamar baƙon da ya tafi ya bar jakarsa ne. Da safe sai ya farka kamar wanda ya kwana yana dakon siminti. Kilifar askin da ya riƙe rabin rayuwarsa ta fara yi masa nauyi a hannu.

Ranar da abin ya fito fili ina zaune a benci ina jiran layi. Direba ne a kujera, wani ƙato mai tuƙa motar haya, mai suma baƙa wuluk da yake alfahari da ita. Rediyo ya sauke masa ɓangaren dama tas, ya zagayo hagu, sai ya tsaya. Ya miƙa wa ƙanensa hannu ya ce, "Ba ni... ba ni wannan... abin nan." Mataji yake nufi. Mutumin da kalmomi ke bin sa kamar kaji suna bin mai tsaba, ya nemi kalma ɗaya ya rasa. Ya dafa bango, ya zo ya zauna kusa da ni, fuskarsa ta yi fari fat.

Ƙarami ya ɗauki kilifar zai ƙarasa. Direba ya kauce da kansa.

"A'a. Wanda ya fara shi zai gama."

"Haka za ka fita da rabin kai?"

"Hula ta ƙare a duniya ne?"

Ya ciro hula daga aljihu ya kifa, ya fita. Duk mun ɗauka zancen kwana biyu ne.

An yi gwajin jini, an duba zuciya, an ɗauki hoton ƙirji. Kowace takarda ta dawo tana cewa lafiyarsa ƙalau, shi kuwa zuwa banɗaki ya zame masa tafiya mai nisa. Masu shawara suka yi masa caa. Wannan ya ce ya ƙara cin abinci, wancan ya ce ya rage tunani. Wani ya ce jiki ne ya yi tsatsa, a motsa shi. Rediyo ya yi ta maza, ya zaga filin makaranta sau uku da sassarfa, ya dawo yana murmushi. Sati guda bai sauko daga gado ba. Daga ƙarshe aka haɗa shi da wata likita mai haƙurin saurare. Ta ce ba lalaci ba ne, ba kuma raki ba. Cuta ce da suka sani, gajiya mai naci wadda barci ba ya wankewa, kuma sau da yawa bayan zazzaɓi take kama mutum. Ta ce babu ƙwayar da za ta cire ta. "Ka riƙa hutawa tun kafin ka gaji," in ji ta.

Ya ce, "Likita, ai hutun nake yi. Ni da gado mun zama 'yan biyu."

A nan ne mu abokan shago muka tafka namu kuskuren, kuma da zuciya ɗaya muka tafka shi. Muka zauna muka ce, mutumin da ya saba da hayaniya, ai shiru ne zai ƙarasa shi. Tunda ba zai iya zuwa shago ba, mu kai masa shagon. Duk Talata da Asabar da yamma sai mu hau benen gidansu, hawa na biyu, mu cika ɗakin: Direba da hularsa, Kafinta da ƙurar katako a gira, ni, da duk wanda ya biyo mu. Wasu a bakin gado, wasu a ƙasa. Matarsa, malamar firamare ce, Malama muke ce mata, ta sauko da kofunan baƙi daga saman kabad ta haɗa mana shayi.

Ka ga Rediyo a ranakun nan! A jingina shi da matashi uku, idonsa ya kawo haske, hannu ya fara yawo a iska. Ya yi musu, ya kwaikwayi muryar mai gidan haya, ya ba mu dariya har da hawaye. Awa biyu, wani lokaci uku. Mu sauko muna ce wa juna, "Ka gan shi? Saura ƙiris. Mu ne maganinsa."

Kashegari yakan tashi dama-dama. Jibi ne abin ke sauka a kansa. A ja labule, a cire batirin agogon bango don ƙararsa na sukar kunnensa, kofi ma sai an riƙe masa. Mu ba ma nan a waɗannan ranakun, ba mu taɓa gani ba. Mutanen gidan kuwa jiya suke tuhuma kullum. Me ya ci jiya? An bar taga a buɗe jiya? Ba wanda ya waiwaya ya dubi shekaranjiya, domin shekaranjiya ai ita ce ranar da ya fi kowace rana walwala.

Haka aka yi wata goma sha uku. Ƙarami ya lulluɓe kujerar taga da farin zanen gado, kullum da safe ya kakkaɓe shi. Shi kaɗai yake ɗaukar kawunan kujera biyu, bayansa ya fara ciwo, masu jiran layi suka fara gajiya suna tsallaka titi. Ga wani mai aski, mijin 'yar ƙanwarsu, mutumin kirki mai hannu mai kyau, yana neman wurin tsayawa. Wata Lahadi Ƙarami ya hau benen shi kaɗai, ya zauna ya daɗe yana murza hularsa.

"Yaya, bayana ya ƙi."

"Na sani."

"Surukin nan namu yana ta tambaya. Na ce masa ya ba ni zuwa ƙarshen watan gobe."

"Kujerata?"

Ƙarami ya sunkuyar da kai. Rediyo ya juya fuska wajen bango. Malama ta ce ranar ce kaɗai ta ga ya yi shiru ba don jiki ya tilasta masa ba.

Ita ce ta gano bakin zaren, kuma a wajen wanke-wanke ta gano shi. Kofunan baƙin nan na tangaran ne, masu bakin zinariya. In mun tafi takan wanke su ta kife a kan tire su bushe, aikin makaranta ya sha kanta, sai bayan kwana biyu ta tuna ta mayar da su saman kabad. Wata Alhamis da safe tana tsaye a kan kujera tana jera su ɗaya-ɗaya, tana riƙe numfashi kada su haɗu su yi ƙara, domin maigidan yana ciki labule a ja. Sai hannunta ya tsaya a sama da kofi na bakwai. Ta tambayi kanta, yaushe rabon da ta mayar da kofunan nan ba da sanɗa ba? Ta lalubo baya, Alhamis da Litinin, Alhamis da Litinin. Ba ta tuna ko sau ɗaya ba. Duk ranar da kofuna ke komawa kabad, ranar ce mijinta ba ya iya ɗaga kai.

Ba ta ce wa kowa komai ba. Ta sa ido sati biyu. Ranar da muka zo mu huɗu, jibin ya zo da sauƙi. Ranar da muka zo mu tara aka yi musun bugun fenareti, jibin ya kai har kwana uku. Ta je ta sami likitar. Likita ta ce haka cutar take, ba ta kama mutum a lokacin da yake aikin, sai ta bari kwana ɗaya ko biyu. Kuma aiki a wurinta ba ɗaukar kaya kawai ba ne. Magana aiki ce, saurare aiki ne, dariya ma aiki ce. Hayaniya da haske mai ƙarfi suna ci, tsayuwa wuri ɗaya tana ci fiye da yadda ake zato. Ta ce kowane mai cutar da iyakarsa, sai ya nemo tasa.

Asabar muka hau benen mu takwas, muka tarar da Malama a bakin ƙofa da tire a hannu. Kofi biyu ne a kai.

"Sannunku da zuwa. Mutum biyu, minti ashirin, ba zancen ƙwallo."

Direba ya ce, "Haba Malama, mu da muke jinyarsa?"

"Ku ne ciwon, Baban Hula."

Ta yi mana bayani a tsaye, da muryar da take koya wa 'yan aji biyu haruffa. Kafinta ya dubi takalmansa ya ce, "Wato duk dariyar nan da muke ba shi..."

"Yana jin daɗinta. Jibi yake kwanciya a kanta."

Daga ciki muryar Rediyo ta fito: "Malama, ki bar mutanena su shigo!"

"Kai ma ka yi mini shiru, kana cikin masu laifi."

"In kin hana ni magana, me ya rage a jikina?"

Ta juya ta dube shi ta ƙofar, muryarta ta sauko. "Hannunka, maigida. Shi Ƙarami yake jira, ba bakinka ba."

Satin farko na shirun nan ya sha wuya, ya ce ji yake kamar an kulle shi a kwalba. A na biyu ya fara jin abubuwan da bai taɓa ji ba a gidan da ya shekara ashirin a ciki: kukan famfon maƙwabta, tattabarun da ke taka kwanon rufi, yadda Malama ke waƙa ƙasa-ƙasa in tana duba littattafan yara. Ranakun jan labule suka ragu. Ya gano in ya yi wanka a zaune a kan ɗan benci, yakan fito da sauran ƙarfi. In ya yi a tsaye, shi ke nan ranar ta tafi. Ya gano in ya kwanta rabin awa ido rufe kafin la'asar, yamma takan yi masa kirki. Akwai wata shuka mai ƙananan ganye a tukunya a bakin taga. Wata rana ya ce a miƙo masa almakashinsa. Yana zaune ya yi mata saisaye, ya fitar mata da ƙeya da saje, har Malama ta ce saura hoda.

A haka Kafinta ya same shi a ranar da layin kofi ya zo kansa. Ya tsaya yana kallon mai aski a zaune, hannu na tafiya kamar da. Bai sha shayin ba. Ya ciro awo daga aljihu ya auna daga gwiwar Rediyo zuwa ƙasa, daga kugu zuwa kafaɗa, ya fita ba sallama. Bayan kwana biyar ya turo wata doguwar kujera cikin shago, mai ƙafa huɗu da tayoyi, da majingina, da sandar ɗora ƙafa. Ya sa Ƙarami ya sauke kujerar taga har ƙasa iyakar saukarta. Ya zaunar da ni a kai, shi ya hau doguwar ya zagaye ni da ita, gaba da baya, yana aske iska.

Ƙarami ya ce, "Mai aski a zaune? Ban taɓa gani ba."

"Yau ka gani."

Aka sa Litinin ta ƙarshen wata. Malama ta kafa sharuɗɗa: da hantsi, kai uku kacal, a kashe rediyon bango, shi ma na ƙasa a kashe shi. In Laraba ta zo yana kan ƙafafunsa, kujera tasa ce. In ta kwantar da shi, shi da bakinsa ya ce a ba surukin.

Ƙarami ya yaye farin zanen. Rediyo ya shigo a hankali, ya rame, rigar aikinsa ta yi masa yawa. Ya shafa bayan kujerar kamar mai gaisawa da doki. Ya hau doguwar. Direba ya zauna, ya dubi madubi, ya cire hula.

Wata goma sha huɗu ba wanda ya ga abin da ke ƙarƙashin hular nan sai matarsa. Dama ta tsiro ta yi tsawonta, hagu da ba a taɓa ba ta yi gaba abinta, hula ta danne su sun kwanta gefe guda kamar gonar da iska ta bi ta kai. An hana mu hayaniya, sai muka yi dariyar kurame. Kafinta ya cusa ƙyalle a baki. Ƙarami ya juya wa mutane baya, kafaɗunsa na rawa. Rediyo ya buɗe baki, na ga maganganu goma sun yi layi a kan harshensa. Ya rufe. Ya ɗaga almakashi, cak-cak.

Direba ba ya barin abu ya wuce lafiya. Ya ce da raɗa, yana kallon madubi, "Ni fa har yanzu ina nan a kan bakana. Bugun nan na bara ba fenareti ba ne."

Almakashi ya tsaya. Jijiyar wuyan Rediyo ta tashi. Duk muka zuba masa ido. Ya ja numfashi, ya kama kan Direba da yatsa biyu, ya karkatar da shi gefe da ɗan ƙarfin da ya wuce na aski, ya ce, "Sunkuya."

Ƙarami ya ce, "Yaya, wannan kalmata ce."

Ya gama kan Direba cikin natsuwa, yana tura kujerarsa da ƙafa, tayoyi na gurnani a kan siminti. Gashi ya taru a ƙasa kamar an yi wa tunkiya sausaya. Hasken hantsi ya shigo ta taga ya kwanta a kan almakashin, kuma a karon farko na lura da kyawun aikin mutumin nan, wanda surutunsa ya ɓoye mana shekara da shekaru: yadda yatsunsa ke lalubar kwanciyar gashi kafin ƙarfe ya taɓa shi, yadda yake ja da baya ya kanne ido ɗaya. Ya yi na biyu, ya yi na uku. Fuskarsa ta yi haske irin na ranakun Talata da Asabar, hasken nan da ya yaudare mu.

Ni ne na huɗu a benci. Ya dube ni, ya dubi almakashi. Na san yana jin zai iya, kuma na san Malama tana makaranta, ba mai hana shi. Ya juya almakashin a hannu sau biyu. Sannan ya goge shi da tawul, ya sa a aljihun riga.

"Naka ba gudu zai yi ba," in ji shi. "'Yan silin gashi ukun nan da suka rage maka, ko shekara za su jira."

Ya tafi gida ya kwanta tun bai gaji ba.

Talata ta wuce. Laraba da safe shagon ya cika da mutanen da ba aski ya kawo su ba. Ba wanda ya ambaci dalilin zuwansa. Daga bakin ƙofar shago ana hango tagar ɗakinsa a hawa na biyu, can bayan rumfar mai fenti, kuma kowa ya sami uzurin fita ya miƙe ƙafa. Ƙarfe takwas, labule a ja. Takwas da rabi, a ja. Ƙarami ya ɗauko farin zanen daga inda ya ajiye shi, ya riƙe a hannu, bai shimfiɗa ba, bai mayar ba. Direba ya ce fasinjoji su yi haƙuri yau.

Tara saura kaɗan labulen ya motsa. Aka zuge shi gefe. Ga Rediyo zaune a bakin taga kusa da shukarsa mai saje, ya ɗaga kofin shayi sama da hannunsa, shi kaɗai, ba mai riƙe masa.

Titin ya ɗauka. Mai gyaran waya ya fito yana tafi bai san me ake yi ba. Ƙarami, wanda ba mu taɓa jin ya ɗaga murya ba, ya tsaya a tsakiyar titi ya kwarara ihu: "Yaya! Ka sauko ka ɗauki kujerarka, na gaji da kakkaɓe ta!" Daga sama Rediyo ya ɗora yatsa a kan leɓe, ya nuna masa ya rage murya.

Bai warke ba, kada in yi ƙarya. Akwai satin da doguwar kujerar ke zama a kusurwa ba mai hawa, labulen hawa na biyu a ja, mu wuce ta ƙarƙashinsa a hankali. Surukin ya zo, yana riƙe kujerar taga da rana da sauran ranaku, ciwon bayan Ƙarami ya yi sauƙi. Amma Litinin da Alhamis da hantsi na Rediyo ne, kai uku, wani lokaci huɗu in Malama ta sa hannu. Layin ranakun nan ya fi na kowace rana tsawo, har da baƙi masu cewa sun ji labarin shagon da ake aski ba a cika wa mutum kunne.

Magana kuwa bai bar ta ba, tara ta yake yi. Kowane kai yana da guda ɗaya, a ƙarshe, lokacin da yake kakkaɓe maka kafaɗa da buroshi. Tun kana zaune kake ganinsa a madubi yana zaɓenta. Ranar Alhamis da ta wuce Direba ne a kujera. Rediyo ya gama, ya kwance masa ƙyalle, ya sunkuyo daidai kunnensa ya ce, "Fenareti ne."